Yadda Ake Fara Tara Katunan Spider-Man Ba Tare da An Yi Asara Ba

Tambayoyi iri biyu ne suka fi zuwa mini a kan wannan harka. Wasu cewa suke yi sun ji an sayar da katin Spider-Man guda ɗaya a kan kuɗin da zai gina gida, su ma suna so su fara tarawa, ta ina za su kama? Wasu kuma hoton kati suke turowa, su ce in faɗa musu nawa zai yi. Duk amsar tana komawa wuri ɗaya: ba hoton gwarzon ne ke sa kati tsada ba. Kati biyu za su ɗauki zane iri ɗaya sak, wannan dala 2, wancan dala dubu. Abin da ya raba su shi ne shekarar da aka buga, kamfanin da ya buga, lambar katin, yawan da aka fitar, da kuma lafiyarsa. Mu da muke nesa da babbar kasuwar, wadda take Amurka, muna da ƙarin abu na shida: kuɗin kawo shi hannunmu. Ga matakan a jere, kuma jerin yana da muhimmanci, domin galibin asarar da ake yi daga tsallake na 3 da na 4 take fitowa.

1. Tsayar da abin da za ka tara

Tun da Stan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man a mujallar zane ta Amazing Fantasy lamba 15 a 1962, da wuya a yi jerin katunan Marvel a bar shi a baya. Dalilin farin jininsa a bayyane yake. Peter Parker, wato Spider-Man ɗin kansa, ba attajiri ba ne, ba basarake ba ne, yaro ne maraya daga unguwar Queens a New York, yana fama da kuɗin haya da rashin lafiyar innarsa, yana sayar wa jarida hotuna don ya rufa wa kansa asiri. Ga shi kuma kayansa sun rufe shi ruf daga kai har ƙafa, kowane yaro na iya ɗauka shi ne a ciki. Amma wannan farin jinin shi ne matsalar mai tarawa: katunansa sun kai dubbai, ba wanda zai iya haɗa su duka.

Saboda haka ka zaɓi layi ɗaya. Ko ka ce jeri ɗaya cikakke za ka haɗa, daga lamba 1 har ta ƙarshe. Ko ka ce kati ɗaya na Spider-Man daga kowace shekara. Ko baƙaƙen kayan nan da ya fara sawa a 1984. Ko Miles Morales kawai, wani sabon Spider-Man da ya fito a 2011, shi katunansa ba su kai na Peter yawa ba. Ko aikin mai zane guda. Ga wanda yake farawa, ni jeri ɗaya na shekarun 1990 nake ba da shawara, domin yana da araha, yana da iyaka, kuma a kansa za ka koyi duba kati ba tare da gabanka yana faɗuwa ba.

Ka kuma yanke wa kanka kuɗin wata, da dala, ka rubuta shi. Naira ko sefa tana motsi, katin kuwa da dala ake cinikinsa.

2. San jerin katunan da sunayensu

Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, kuma bai cin ko sisi. Kowane kati yana da cikakken suna mai ɓangare huɗu: shekara, kamfani, sunan jeri, lamba. Wanda bai iya faɗin waɗannan huɗun ba bai san abin da yake saye ba.

Mafi tsufan da masu tarawa ke nema shi ne jerin Marvel Super Heroes da kamfanin Donruss ya buga a 1966. Kati 66 ne, gwaraza shida, kowane da 11. Na Spider-Man sun fara daga lamba 34 zuwa 44, kuma lamba 34 ce aka fi rububi a kanta, saboda da yawa suna ɗaukarta a matsayin katinsa na farko a Amurka. Bayan katunan ba rubutu ba ne, gutsattsarin babban hoto ne da ake haɗawa. Yara ne suka saye su tare da cingam shekara kusan 60 da suka wuce, don haka samun mai lafiya sosai aiki ne. Wannan ba wurin ɗan koyo ba ne.

Sai Marvel Universe na kamfanin Impel, 1990, wanda shi ne ya buɗe kasuwar zamani. Kati 162 ne, da ƙarin biyar masu hoton walƙiya da ake tsinta jefi-jefi a cikin fakiti. Spider-Man yana lamba 2 da baƙaƙen kaya, lamba 29 da ja da shuɗin da aka san shi da su, da lamba 30. A cikin masu walƙiyar biyar, biyu nasa ne: MH1, da MH5 inda yake faɗa da Green Goblin. Stan Lee kansa yana lamba 161. Wannan jerin nake nufi da na ce a fara da na shekarun 1990.

Impel ya sauya suna zuwa SkyBox, ya fitar da Marvel Masterpieces a 1992, kati 100 da Joe Jusko ya zana da fenti. Idan kyan zane kake bi, nan za ka tsaya. Na 1994 'yan'uwan nan biyu, Greg da Tim Hildebrandt, suka zana, na 1996 kuma Boris Vallejo da Julie Bell, shi kuma ba a buga shi da yawa ba, don haka ya fi 'yan'uwansa tsada nesa ba kusa ba. Akwai kuma jerin da aka yi domin Spider-Man shi kaɗai, kamar na Comic Images a 1992 mai ɗauke da zanen Todd McFarlane, da Fleer Ultra Spider-Man na 1995.

Katunan da kake jin labarin makudan kuɗinsu kuwa akasari na baya-bayan nan ne. A 2013 kamfanin Upper Deck ya fitar da Marvel Fleer Retro, a ciki akwai wasu da ake kira Precious Metal Gems, a taƙaice PMG, masu launi uku: ja guda 100 aka yi na kowane gwarzo, shuɗi 50, kore 10 kacal, kowane da lambarsa a jiki. Koren Spider-Man na wannan jerin ne ya haura dala dubu 100 a gwanjo a 2022. Ka ga ke nan ƙarancinsa aka saya, ba zanen ba. Daga 2025 lasisin buga katunan Marvel ya koma hannun kamfanin Topps, don haka sababbin da za ka gani a kasuwa yanzu sunansa ne a kansu.

Cikakken jerin lambobin kowane ɗaya yana nan kyauta a shafin Trading Card Database. Ka buga na jerin da ka zaɓa a takarda, ka riƙa sa alama.

*Gargaɗi:* tsufa ba daraja ba ne. An buga katunan 1990 zuwa 1995 da yawan gaske, mutane kuma suka adana su da tunanin za su yi tsada. Har yau kwalayensu suna nan jibge. Kati na yau da kullum daga wannan zamani, wanda ba a tantance ba (wato ba a kai shi wa kamfani ya duba ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 ba, duba mataki na 9), 'yan daloli ne. Duk wanda ya ce maka "ai ya shekara 30, ba a samunsa", to ka san ciniki yake yi.

3. Sayi kayan ajiya kafin katin farko

Girman kati inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsawo, wato kusan santimita 6.4 da 8.9. Duk kayan ajiya a kan wannan awo ake yin su. Ga abin da kake bukata, da sunan da za ka rubuta a shagon intanet don ka same shi.

Siririyar leda mai laushi da ake zura kati a ciki, sunanta penny sleeve, ana sayar da ita ɗari-ɗari a kan dala ɗaya ko biyu. Sai gidan roba mai tauri, toploader, ana sayar da shi 25 a ƙunshi, shi ma bai wuce 'yan daloli ba. Kullum leda ce farko, sannan gidan roba. Kati tsirara a cikin roba mai tauri yana gogewa. Idan jeri cikakke kake haɗawa, sai kundi mai shafukan leda, kowane shafi aljihu tara, kuma ka tabbata an rubuta babu PVC a jikinsa, domin irin wannan robar tana sakin maiƙo ta manne wa kati bayan 'yan shekaru. Ƙari a kan waɗannan: gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na maƙeran zinariya, rula mai milimita, ƙyallen goge tabarau, da akwatin roba mai murfin da ke kama iska.

Kaurin kati yana da awo da ake kira pt. Kati na yau da kullum yana shiga gidan 35pt. Wasu na zamani, musamman masu zanen hannu ko masu ƙarfe-ƙarfe, sun fi kauri, suna bukatar 55, 75, 100 ko 130. Kada ka danna kati mai kauri cikin gidan da ya yi masa kaɗan, kusurwa za ta tafi.

Tun da a kasuwanninmu samun waɗannan kaya da wuya, ka haɗa su a cikin odarka ta farko, su zo tare da katunan.

4. Gano ainihin farashi

Kuɗin da mai kaya ya sa a talla ba farashi ba ne, buri ne. Farashi shi ne abin da wani ya riga ya biya. A kasuwar intanet ta eBay, ka rubuta cikakken sunan katin, misali 1990 Impel Marvel Universe Spider-Man 29, sannan ka shiga wurin tacewa ka zaɓi kayan da aka riga aka sayar. Ka duba guda goma na baya-bayan nan, ka yar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki tsakiyar sauran. Idan ka ga an ja layi a kan kuɗi, ma'anarsa an yi tayi mai kaya ya sallama a ƙasa da haka. Shafin 130point yana nuna ainihin abin da aka biya.

Kada ka haɗa farashin katin da aka tantance da na wanda ba a tantance ba. Kasuwa biyu ce daban. Haka kuma maki 9 da maki 10 ba maƙwabta ba ne a kuɗi, sau da yawa 10 yana ninka 9 sau uku ko fiye.

*Gargaɗi:* ka duba kwanan wata. A 2020 da 2021, lokacin kullen korona, farashin katuna ya yi tashin gwauron zabi. A Satumban 2021 ne ma aka sayar da kwafin Amazing Fantasy 15 a kan dala miliyan 3.6 a gwanjon Heritage, zazzaɓin ya kama duk wani abu mai hoton Spider-Man. Daga baya katunan 1990 da yawa sun faɗo warwas. Tsofaffin bidiyon YouTube na wancan lokaci suna nan suna yawo da alƙaluman da ba su da aiki yanzu. Cinikin wata uku da suka wuce kawai za ka dogara da shi.

5. Karanta tallar kafin ka taɓa maɓallin saye

A nan ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa, kuma abin haushin shi ne galibi mai kayan ya rubuta gaskiya, sai dai a wurin da ido ba ya zuwa. Kalmomin da za ka nema a take da cikin bayani su ne waɗannan.

Digital: katin cikin waya ne, na manhajar Topps, ba takarda ba. Za ka biya, a turo maka hoto a manhaja, shi ke nan. Mutane da yawa sun faɗa wannan rami saboda hoton yana da kyau, kuɗin kuma kaɗan. Reprint ko RP: sake bugawa ne, ba na asali ba. Custom, fan art ko ACEO: wani ne ya buga a ɗakinsa, ba lasisi. You pick ko pick your card: hoton da ke gaba na Spider-Man ne, amma kuɗin da aka nuna na kati mafi araha ne a jerin, sai ka zaɓi lambar da kake so sannan kuɗin gaskiya ya fito. Stock photo: hoton wani katin ne, ba wanda za a turo maka ba.

Ka nemi hoton gaba da na baya, na ainihin katin, a kan baƙin shimfiɗa in da hali, domin a kan baƙi ne farin kusurwa ke fitowa. Mai kayan da ya ƙi ƙara hoto, ka bar masa kayansa. Ka duba yawan cinikin da ya yi da abin da masu saye suka rubuta a kansa, musamman ƙorafin yadda yake naɗe kaya.

Maganar sa hannu kuma: Stan Lee ya sa hannu a kan kaya masu ɗimbin yawa kafin rasuwarsa a Nuwamban 2018, kuma na jabu ma suna da yawa. In ba kamfanin tantancewa ne ya tabbatar ba, ko kuwa kamfanin katin ne ya fitar da shi da sa hannun tun asali, kada ka biya ko dala ɗaya a kan tawadar. Steve Ditko, wanda shi ma ya rasu a 2018, an san shi da gudun jama'a da ƙin sa wa masoya hannu a kaya. Kati mai "sa hannun Ditko" a farashi mai sauƙi, ka wuce kawai.

Sai batun kwalin da ba a buɗe ba. Yana da daɗi, ba na musu, amma sayen kifi a ruwa ne. Na shekarun 1990 masu sheƙi suna da wata cuta: zafi da daɗewa suna sa katunan cikin fakiti su manne da juna su zama dunƙule, in ka ɓamɓare sai fenti ya bi ɗan'uwansa, ya bar fararen ɗigo a fuska. Ga kuma masu buɗe fakiti su zare mai walƙiya su sake liƙewa. Akwai wani salo da ake yi kai tsaye a intanet, inda mutane ke biyan kuɗin gurbi, a buɗe kwali a gabansu, kowa ya ɗauki abin da ya faɗo masa. Ni a ganina wannan ya fi kusa da caca fiye da ciniki, kuma ko ba don wannan ba, lissafinsa ba ya fita. In kati kake so, sayi katin.

6. Duba lafiyar kati

Abu huɗu ake dubawa, kuma su ne kamfanonin tantancewa ke dubawa: zaman hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuska.

Fara da zaman hoto, domin shi ake iya aunawa ko a hoton talla. Ka auna faɗin farin gefen hagu da na dama. Mu ce hagu milimita 3, dama milimita 2. Jimla 5, don haka 3 cikin 5 kashi 60 ne, ɗayan 40: katin 60/40 ne. Ka maimaita da sama da ƙasa. Kamfanin tantancewa na PSA yana son kusan 55/45 ko abin da ya fi haka daidai a gaba kafin ya ba da 10. Katunan 1966 sun shahara da karkacewa, injin yankansu bai damu da kowa ba.

Kusurwa kuwa da gilashi ake kallonta. Lafiyayya tsini gare ta kamar ba a taɓa taɓa ta ba. In ka ga ɗan fari ko gashi-gashin takarda a bakinta, 10 ta tafi. Gefuna ma haka, musamman a kati mai duhun launi, inda ƙanƙanin ɓantare ke haskawa. Fuska ita ce mai ɓoye aibi. Ka riƙe katin ta gefuna, ka karkata shi a ƙarƙashin fitila guda, ko tocilan ɗin waya a ɗaki mai duhu, kana juya shi a hankali har hasken ya bi ta kan fuskar gaba ɗaya. A nan ne ƙarce, lotsawa, da layin injin bugu za su fito, abubuwan da ba za ka taɓa gani a tsaye ba. Masu walƙiya na 1990 sun fi kowa ɗaukar ƙarce.

*Gargaɗi:* kati tsoho mai gefuna kamar reza, amma ya ɗan yi sako-sako a cikin gidan roba, ka auna shi da rula. Akwai masu aske gefe don kusurwa ta yi tsini. Kamfanin tantancewa ba zai ba irin wannan maki ba.

7. Biya da kawowa

Ga inda lissafin mutumin Kano ko Maraɗi ya bambanta da na mutumin Chicago. Mu ƙaddara kati dala 8 ne. Aikawa cikin Amurka dala 5. Kamfanin da zai karɓa ya turo maka ya caji, mu ce, dala 30 a kan ƙaramin ƙunshi. Ba a yi maganar kuɗin canji na banki da na kwastan ba, katin dala 8 ya riga ya haura 40. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Magani ɗaya ne: kada ka taɓa aiko da kati ɗaya shi kaɗai.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce COMC, wata kasuwar katuna ta intanet a Amurka wadda ke riƙe da kayan a rumbunta. Kowane kati an ɗauki hotonsa gaba da baya. Za ka yi ta saye ɗaya-ɗaya tsawon watanni, suna ajiye a asusunka, in sun taru ka ce a turo su a ƙunshi guda. Hanya ta biyu ita ce kamfanonin da ke ba ka adireshi a Amurka, su tara maka kaya daga masu sayarwa daban-daban su haɗa. In za ka zaɓa, ka fifita mai rumbu a jihar Delaware ko Oregon, domin a can ba a sa harajin saye. Ka tambayi kwana nawa suke ajiye kaya kyauta, don bayan wa'adi caji suke yi. Ta uku, wadda ta fi duka araha, ɗan'uwa ko aboki mai dawowa gida. Kati 100 a cikin leda ba su kai nauyin waya biyu ba. Sai dai ka roƙe shi ya sa a jakar hannu.

Ka biya ta cikin shafin da ka yi ciniki, da katin banki mai biyan dala. Duk mai kayan da ya ce ku koma WhatsApp ko ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, ka san in kaya ba su zo ba babu wanda za ka kai wa ƙara. Kuma ka tabbatar akwai lambar bin sawu tun daga can har nan.

*Gargaɗi:* kada ka ce a rage darajar kaya a takardar kwastan don gudun haraji. Ban da kasancewarsa laifi, in ƙunshin ya ɓace, inshora abin da aka rubuta kawai za ta biya.

8. Buɗewa da ajiya

Ka ɗauki bidiyo tun daga yanka ƙunshin, ba tare da tsayarwa ba. Shi ne shaidarka in an turo abin da ba shi ba. Wanke hannu, ka bushe shi sarai. Ba a sa safar hannu ta auduga, zarenta yana kama kusurwa. Ka ɗan buɗa bakin ledar da yatsa, ka zura kusurwa ɗaya tukuna, sannan sauran.

Yanayinmu ba ya tausayin takarda. Da damina danshi yana sa kati ya kumbura, ya yi tabo, masu sheƙi su manne. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, kati mai rufin ƙarfe-ƙarfe ya lanƙwashe kamar ɓawon rake, ƙura kuma ta shige ta bakin gidan roba ta zama yashin goge fuska. Don haka bayan leda da gidan roba, ka sa su a tsaye cikin akwatin nan mai kama iska, ka jefa 'yan ƙunshin shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kana canja su lokaci-lokaci. Akwatin ya zauna a ɗakin da ya fi sanyi, a kan kanta, ba a ƙasa ba, ba jingine da bango ba, saboda gara da kyankyaso. Saman sif a ƙarƙashin rufin kwano ma ba wuri ba ne, zafin Afrilu zai gasa su. Rana kuma tana cinye jan launi kafin kowane, kuma ja shi ne rabin Spider-Man. In za ka kafa kati a falo don ado, ka kafa mai araha.

*Gargaɗi mafi girma a wannan jagora:* kada ka kai kati shagon kwamfuta a yi masa laminetin. Mun saba yi wa takardun makaranta, sai mutum ya ɗauka gata ya yi wa katin. Zafin injin da gam ɗin ledar ba sa fita har abada, kuma daga ranar katin ba shi da sauran daraja a wurin kowane mai tarawa. Haka salatif, robar ɗaure kuɗi, da goge fuska da ruwa ko turare.

9. Tantancewa: a kai ko kada a kai?

Tantancewa ita ce ka aika kati wa kamfani ya tabbatar na asali ne, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a cikin roba mai liƙe da lambar shaida. Manyan su ne PSA, Beckett, CGC da SGC, duk a Amurka. A katunan Marvel, na PSA ne suka fi saurin sayuwa. Beckett yana iya rubuta makin abubuwa huɗun nan daban-daban a jikin takardar.

Kuɗin tantancewa mafi araha yana kamawa daga wajen dala 15 zuwa 30 a kan kowane kati, yana kuma sauyawa, wani lokaci sai da rajistar shekara, kuma jiran yakan kai watanni. Kuɗin yana hawa in darajar katin ta hau. Ka ƙara kuɗin kai shi da na dawo da shi da inshora. Kafin ka aika, ka yi wannan lissafi: in katin ya dawo da 8 ko 9, ba 10 ba, farashinsa zai rufe abin da na kashe? In amsar a'a ce, ka bar shi a ledarsa. Ga galibin katunan 1990, a'a ce. Ka kuma duba ƙididdigar da PSA ke wallafawa ta yawan kwafin da suka sami kowane maki. Katin da dubban kwafinsa suka sami maki 10 ba abin nema ba ne komai kyansa.

Ga wanda ke wannan yanki namu, sayen wanda aka riga aka tantance ya fi sauƙi da araha fiye da tura kati ya tsallaka teku sau biyu. Sai dai ita ma robar ana yin jabunta. Ka ɗauki lambar shaidar da ke jiki, ka shigar a shafin kamfanin, ka ga ko shekara, suna, lamba da maki sun dace, in akwai hoto kuma ka gwada shi da na talla, har zaman hoton a tsakiya. In dai ka nace sai ka tura naka, a cikin gida mai ɗan laushi da ake kira Card Saver ake so a sa shi, kuma ya fi kyau ka yi hakan tun katin yana Amurka, kafin ya taho.

10. Rubuta komai, ka san ƙofar fita

Littafi ko jadawali a waya: cikakken sunan kati, ranar saye, kuɗinsa, kasonsa na kuɗin kawowa, lambar shaida in akwai, da hoton gaba da baya. Kason kawowar nan shi ne mutane ke mantawa, sai su ɗauka sun ci riba alhali sun faɗi.

Sayarwa daga nan ta fi saye wahala. Masu saye a gida kaɗan ne, sai dai a tarukan masoya littattafan zane irin wanda ake yi a Legas duk shekara, ko tsakanin abokai ta hanyar musaya. A eBay, kason da shafin ke cira ya kai wajen kashi 13 cikin 100, ga wahalar karɓar kuɗi da tsadar aikawa waje, manyan gidajen gwanjo kuma kati mai tsada kawai suke karɓa. Saboda haka duk katin da ka saya da niyyar sake sayarwa, kada ka kawo shi gida tun farko: ka bar shi a asusunka na COMC, ka sa masa sabon farashi a can, in ya sayu ka yi amfani da kuɗin wajen cike lambobin da suka rage a takardarka.